Yadda Mazauna Unguwa Za Su Jagoranci Sake Gina Garinsu da Farfaɗo da Kasuwanci Bayan Bala'i

A duk garin da ambaliya ko girgizar ƙasa ko gobara ta yi wa mummunar ɓarna, manyan hukunce-hukuncen da suka shafi makomarsa akan yanke su ne tun a makonnin farko, lokacin da mazauna ke warwatse a sansanoni da gidajen 'yan'uwa, hankalinsu yana kan neman waɗanda suka ɓace da abin da za a sa a baki. A wannan ɗan tsakanin ake shata inda za a hana gini, da titin da za a faɗaɗa, da kasuwar da za a tayar, da sunayen da za su shiga takardar masu karɓar tallafi. Wanda ya zo zaman da rajista da taswira a hannunsa, shi ake saurara. Don haka wannan jagorar ta tsaya ne a kan abin da mazauna da 'yan kasuwa za su yi da kansu, daki-daki, domin a yanke hukuncin da su.

Kafa kwamiti kafin kowa ya dawo

Matakin farko shi ne kafa kwamitin unguwa cikin makonnin farko, ko da mutum ashirin ne kawai suka samu halarta. A ɗora shi a kan ƙungiyoyin da ke akwai tun kafin bala'in, irin na 'yan kasuwa da na mata da na iyayen yara, domin yarda ba ta ginuwa a rana ɗaya. Sai dai a duba sosai a ga su waye ba sa wurin. Masu gidaje da manyan 'yan kasuwa ba sa bukatar gayyata, da kansu suke zuwa. Waɗanda akan manta da su su ne 'yan haya, da masu kasa kaya a bakin titi, da matan da ke sana'a a cikin gida, da masu nakasa, kuma su ne galibi ke rasa komai idan aka zo rabo. A ware musu kujeru, a sa wa kwamitin wa'adi na wata shida kafin a sake zaɓe, a kuma riƙa rubuta abin da aka tsayar a kowane zama.

Birnin Kobe na ƙasar Japan ya nuna amfanin wannan. Bayan girgizar ƙasar 17 ga Janairun 1995, wadda ta kashe fiye da mutum 6,000, hukumomi sun hana gini na wata biyu a yankunan da suka fi lalacewa, sannan a watan Maris suka zartar da tsarin sake fasalin filaye alhali jama'a na kwana a makarantu. Fushin da ya biyo baya ya sa aka raba aikin gida biyu: hukuma ta tsayar da manyan tituna da filayen shaƙatawa, sauran bayanai kuma aka bar wa majalisun unguwanni, waɗanda yawansu ya haura ɗari, birnin yana biyan ƙwararrun da ke ba su shawara. Unguwar Mano, wadda mazaunanta suka daɗe da haɗa kai tun lokacin da suke fafutukar yaƙi da hayaƙin masana'antu, ta fi sauran saurin tsara agajinta.

Abu biyu ne kwamiti zai nema daga hukuma tun a zaman farko: takardar amincewa da shi a matsayin wakilin unguwa, da kuma ƙwararren mai tsara birane ko injiniya wanda hukuma za ta biya amma unguwa ce za ta zaɓa.

Rajista

Mataki na biyu shi ne ƙidayar mutane da sana'o'i, kuma a ganina babu aikin da ya kai shi daraja. Kowane gida a ba shi shafi guda. A rubuta sunan mai gidan da adadin mutanensa, da inda suke zaune yanzu, da lambar wayar da za a same su, da ko gidan nasu ne ko haya suke, da irin ɓarnar da aka yi, da ko suna da niyyar dawowa. Kowace sana'a ma a ba ta nata shafin, komai ƙanƙantarta: me ake sayarwa ko ake ƙerawa, ma'aikata nawa ne, waɗanne kayan aiki suka salwanta, nawa dillalai ke bin mai sana'ar, nawa shi kuma yake bin masu saye. Wannan tambaya ta ƙarshe akan tsallake ta, alhali littafin bashin da ruwa ya jiƙe yakan zama rabin jarin ƙaramin ɗan kasuwa.

Masu ƙidaya su riƙa fita biyu-biyu, mace da namiji. Idan an gama, sai a liƙa jerin sunayen a wurin da kowa ke wucewa har tsawon mako guda, a ajiye mutum da littafi yana karɓar ƙorafi. Wanda babu sunansa ya kawo maƙwabta uku su shaide shi, wanda kuma aka shigar da shi alhali ba ɗan unguwar ba ne, jama'a za su nuna shi. Lambar waya da bayanin bashi ba a liƙa su a bango. A ɗauki hoton kowane shafi, a ajiye kwafi ɗaya a wajen garin.

Unguwar Broadmoor da ke New Orleans a Amurka da irin wannan aikin ta ceci kanta. Bayan guguwar Katrina ta watan Agustan 2005, wadda ta sa ruwa ya mamaye kusan kashi 80 cikin 100 na birnin, wata jarida ta buga taswira a Janairun 2006 mai ɗauke da korayen da'irori a kan unguwannin da wani kwamitin birni ya ba da shawarar a mayar da su filayen shaƙatawa. Broadmoor na ciki. Ƙungiyar unguwar, ƙarƙashin LaToya Cantrell wadda daga baya ta zama magajin garin birnin a 2018, ta bi mutanenta gida-gida da waya-waya har jihohin da suka gudu, ta tattara shaidar masu dawowa, ta rubuta nata tsarin. Unguwar tana nan har yau.

Taswirar iyakoki da taswirar haɗari

Mataki na uku shi ne zana taswira, kuma a yi shi kafin motocin kwashe ɓaraguzai su shigo, domin tushen katanga da ƙofar da ta karye su ne shaidar iyaka. A fita da turaku da fenti da igiyar awo. Mai fili ya tsaya, maƙwabtansa na kowane gefe su tsaya, a kafa turke inda kowa ya yarda, a rubuta, su sa hannu. Inda aka yi saɓani a yi masa alama a wuce, kada rigimar gida biyu ta tsayar da unguwa. A Aceh ta Indonesiya, bayan igiyar ruwan tsunami ta 26 ga Disamban 2004 ta share gidaje da iyakokinsu, ta kuma lalata takardun ofishin filaye, haka waɗanda suka tsira suka yi ƙauye-ƙauye, daga baya hukuma ta ɗauki abin da suka amince da shi ta mayar da shi tushen takardun mallaka. A nan ne ake kula da haƙƙin matan da mazajensu suka rasu da marayu, a rubuta filin da sunansu tun kafin wani dangi ya yi gaba da shi.

A kan wannan taswirar sai a ɗora ta haɗari. A auna alamar da ruwa ya bari a jikin bango kafin a shafe ta da fenti, a nuna magudanar da ta toshe, da lungun da motar kashe gobara ta kasa shiga, da hanyar da mutane suka bi suka tsira. Tsofaffin unguwa sukan tuna inda rafi ke bi kafin a cike shi a yi gini, kuma ruwa bai manta hanyarsa ba.

Batun tayar da mutane

Nan ne rigima ta fi zafi, kuma nan ne kwamiti ke bukatar gaskiya da kansa. Akwai wuraren da bai kamata a sake kwana a cikinsu ba, kamar cikin hanyar ruwa ko gindin tudun da ke zaftarewa, kuma kwamitin da ya musanta haka don faranta wa mutane rai ya cuce su. Amma layin da aka ja da gaggawa a ofis shi ma yana da tasa illar. Gwamnatin Sri Lanka, bayan tsunamin 2004, ta hana gini a tazarar mita 100 daga teku a kudu da yamma, da mita 200 a arewa da gabas. Masunta suka tsinci kansu nesa da jiragensu, aikin gina gidaje ya tsaya cik, har sai da aka sassauta dokar. A Fakistan kuma, bayan girgizar ƙasar 8 ga Oktoban 2005, an yanke cewa garin Balakot yana kan tsagin ƙasa mai haɗari, za a gina sabon gari a wani wuri. Rikicin fili ya riƙe aikin shekaru da yawa, mutane suka zauna a tsakani, ba izinin gini mai ɗorewa a tsohon wuri, ba kuma sabon garin.

Saboda haka idan hukuma ta zo da maganar tayarwa, kwamiti ya nemi amsa a rubuce. Wane bincike aka dogara da shi, kuma za a ba ƙwararren unguwa ya duba? Shin haramcin ya hau kan kowa, har da otal-otal da manyan kamfanoni, ko talakawa kaɗai? An riga an mallaki sabon filin kuwa? Tafiyar minti nawa ce daga can zuwa wurin neman abinci, kuma nawa mota za ta ci a rana? Ruwa da makaranta da asibiti za su riga mutane isa? Me za a yi da tsohon filin? Kada kowa ya sa hannu kafin a amsa waɗannan.

Sau da yawa akwai mafita ta tsakiya, wato sake fasalin filaye: kowane mai fili ya bayar da ɗan kaso, a haɗa a fitar da titi mai faɗi da magudana da filin taruwa, sannan a mayar wa kowa fili ƙarami kaɗan amma mai kyakkyawar hanya. An yi haka a Kobe, an kuma yi a tsohon garin Bhuj na Indiya bayan girgizar ƙasar 26 ga Janairun 2001. Yana cin lokaci da haƙuri, kuma dole a tanadi wani abu dabam domin 'yan haya, tunda ba su da filin da za su bayar.

Shaguna ba za su jira gidaje ba

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ce a gama gidaje tukuna sannan a waiwayi kasuwanci. Iyali ba sa komawa unguwar da babu inda za su sayi magani ko su gyara abin hawa, mai shago kuma ba ya buɗewa inda babu masu saye. Kowa na jiran kowa. Ƙaramar sana'a ba ta da ajiyar da za ta ci wata shida a rufe, ma'aikata za su nemi wani aikin, abokan ciniki su saba da wani wuri. Don haka mataki na gaba yana tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da waɗanda suka gabata.

Da farko a nemi izinin shiga. Idan jami'an tsaro sun killace yankin, kwamiti ya shirya da su yadda za a riƙa raka 'yan kasuwa rukuni-rukuni su kwaso kayan aiki da takardu da hajar da ta tsira. A Christchurch ta ƙasar New Zealand, bayan girgizar ƙasar 22 ga Fabrairun 2011 da ta kashe mutum 185, killacewar tsakiyar birnin ba ta ƙare gaba ɗaya ba sai a tsakiyar 2013, kuma 'yan kasuwa har zanga-zanga suka yi don a bar su su ɗauko kayansu.

Sannan a kafa kasuwar wucin gadi. A Christchurch ɗin, a watan Oktoban 2011 aka buɗe shaguna cikin kwantenoni a tsakiyar birni, suka jawo mutane zuwa wurin da aka ƙaurace wa. A garin Minamisanriku na Japan, wanda tsunamin 11 ga Maris 2011 ya share, 'yan kasuwa sun buɗe rukunin shagunan wucin gadi a Fabrairun 2012, suka yi shekara biyar a ciki kafin su koma na dindindin a 2017. Wannan shekara biyar ɗin abin lura ce: abin da ake kira wucin gadi yakan daɗe, don haka a sa masa ruwa da wuta da banɗaki da wurin sauke kaya tun farko. A zaɓi wuri kusa da inda mutane ke zaune a halin yanzu da inda motoci ke tsayawa, ba inda fili ya fi sauƙin samu ba. A raba rumfuna ta ƙuri'a a bainar jama'a daga cikin sunayen da ke rajista, a fara da masu sayar da abin da ake bukata kullum da masu gyare-gyare, a hana sayar da rumfa ko ba da ita haya, a kuma rubuta yarjejeniya da mai filin wadda ta faɗi tsawon zama da wa'adin sanarwa kafin tashi.

Idan lokacin ginin dindindin ya zo, a yi hattara da babban gini mai ƙyalli. A yankin Shin-Nagata na Kobe an rushe matsattsun layukan shaguna aka gina manyan benaye masu shaguna a ƙasa. Da yawansu sun zauna babu kowa, tsofaffin masu shagunan kuma kuɗin kula da gini ya yi musu nauyi. Kafin a amince da zane, kowane ɗan kasuwa ya lissafa kuɗin da zai riƙa biya a wata, ya gwada da cinikinsa na da.

Jari

Rance ba ya maganin wanda tsohon bashi ke kansa. Mutumin da ya ci bashi ya sayi injin da ruwa ya tafi da shi, idan aka sake ba shi rance ya sayi wani, zai riƙa biyan kuɗin injin biyu da ribar ɗaya. A Japan bayan 2011 wannan matsala ta bashi biyu ta yi tsanani har gwamnati ta kafa hukumomin da ke sayen tsofaffin basussukan daga bankuna. Ta kuma ɓullo da tallafin rukuni, inda ƙananan kamfanonin da ke dogaro da juna ke haɗuwa su gabatar da tsari guda, gwamnati ta biya har kashi uku cikin huɗu na kuɗin maido da gine-gine da injuna.

Abin da kwamiti zai yi shi ne ya ɗauki rajistarsa ya kasa 'yan kasuwa gida uku. Masu ƙaramin jari suna bukatar tallafi na kyauta, kaɗan amma da wuri, don sayen kayan aiki da hajar farko. Matsakaita suna bukatar a ɗage musu biyan tsohon bashi da haraji da kuɗin lasisi na wani lokaci, kuma zuwa banki a ƙungiyance ya fi zuwa ɗaya-ɗaya tasiri. Masu ma'aikata da yawa kuwa, abin da ya fi amfanar su shi ne taimakon biyan albashi na 'yan makonni don kada su sallami mutane, kamar yadda aka yi a Christchurch. A dage a kan cewa shaidar maƙwabta da rajistar unguwa su wadatar ga wanda ba shi da takardar rajistar kasuwanci, in ba haka ba tallafin zai tsallake mafi yawan masu sana'a. A kuma tuntuɓi dillalan da ke ba da kaya bashi, domin su ma ba sa son rasa abokan cinikinsu, kuma sukan fi banki saurin yarda.

Kayan agaji na kyauta suna ceton rai a kwanakin farko, amma idan aka ci gaba da raba su bayan shaguna sun fara buɗewa, su ne ke kashe shagunan. Da zarar kaya sun fara samuwa a kasuwa, kwamiti ya roƙi ƙungiyoyin agaji su koma ba da kuɗi ko takardar saye da za a kashe a shagunan unguwa.

Kuɗin gini su zauna a garin

Sake gini shi ne ciniki mafi girma da garin zai gani a shekaru masu yawa. A nemi a yanka kwangiloli ƙanana yadda magina da kafintoci da masu walda na gida za su iya nema, a kuma sa sharaɗin ɗaukar ma'aikata daga rajista. A jihar Gujarat ta Indiya bayan girgizar ƙasar 2001 da Fakistan bayan ta 2005, mafi yawan gidaje masu su ne suka gina, ana ba su kuɗi kashi-kashi, injiniya na duba kowane mataki kafin a saki kashi na gaba, an kuma horar da magina dabarun gini mai jure girgiza. Farashin siminti da katako da ƙarfe yakan tashi idan kowa ya fara gini lokaci guda, don haka maƙwabta su haɗa oda su saya a dunƙule.

Rubuta tsarin da bin diddiginsa

Duk abin da aka tattara sai a mayar da shi takarda guda, gajera, wadda kowa zai iya karantawa. Kowane aiki a rubuta wanda zai yi shi, da kuɗin da zai ci, da inda kuɗin za su fito, da lokacin gamawa. Aikin da ba a san mai biyansa ba a sa shi a jeri na dabam, kada a yaudari jama'a. Waɗanda ke gudun hijira a ji ta bakinsu, kamar yadda New Orleans ta yi a ƙarshen 2006 lokacin da ta haɗa taron jama'a ta bidiyo da mazaunanta da ke Houston da Dallas da Atlanta da Baton Rouge.

Tara ra'ayi dabam ne da riƙe iko. Majalisar birnin Christchurch ta karɓi shawarwari kusan 106,000 daga jama'a a 2011, amma a 2012 gwamnatin ƙasa ta karɓe aikin ta fitar da nata zanen cikin kwana 100, abin da ya bar mutane da yawa da jin an yi watsi da su. Tun farko kwamiti ya tambayi wace hukuma ce ke da hurumin sa hannu na ƙarshe, ya kuma nemi a shigar da tsarin unguwa cikin tsarin birni na doka. A karanta ƙa'idar lissafin diyya da idon basira. Shirin Road Home, wanda jihar Louisiana inda New Orleans take ta kafa don tallafa wa masu gidaje bayan Katrina, ya auna tallafi da darajar gida kafin guguwa, sai mazauna unguwannin da gidajensu ke da arha, galibi baƙaƙen fata, suka samu abin da bai isa gini ba, alhali kuɗin gini ɗaya ne a ko'ina. Sai da aka kai ƙara kotu.

Kuɗin da suka shigo hannun kwamiti a ajiye su a asusun banki mai sa hannun mutum uku, a riƙa liƙa abin da ya shigo da abin da ya fita duk wata a allon da aka liƙa sunaye, kuma ɗan kwamiti ba ya zama a zaman da ake yanke kwangilar da ɗan'uwansa ke nema. Aikin yakan kai shekara biyar zuwa goma, masu sa kai kuma su ma bala'in ya shafe su, za su gaji. A riƙa sauya masu riƙe muƙamai, kowane mai muƙami ya kasance da mataimaki da ya san inda takardu suke, a kuma sabunta rajistar duk bayan wata shida, a ga wa ya dawo, wa ya buɗe shago ya sake rufewa, da dalilin rufewar, domin da waɗannan alƙaluman za a koma wurin hukuma a zagaye na gaba.